Cindona da Kwas ɗin Malamin Asibiti

Ni fa ba ruwana, jawo ni aka yi. Ina zaman zamana a bakin kasuwar Kiru ina tsokanar masu tallan gyaɗa, sai ga malamin asibitinmu a kan keke. Ya kama hannuna yana jujjuyawa kamar mai tayin akuya. Cindo gare ni, yatsu shida a hagu, Inna ma haka.

Wai likita Bature zai zo rangadi daga Kano, zai zaɓi malami ɗaya ya tafi Kano kwas na cututtukan gado, har da awon jini. Malamin asibitin Bebeji ma yana nema. Namu kuwa ya gaji da wankin gyambo. Dabararsa ita ce ya nuna wa likita uwa da ɗa masu cindo, ya zuba bayani.

Na ce, "Malam, cindo ciwo ne? Da shi na fi kowa damƙar tuwo."

Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan aji biyu."

Ya yi ta yi wa Baba magiya har ya bar Inna ta fito. Gwaggo, wadda ta riƙe ni tun yaye, ta rako ta.

Ranar rangadi likita ya dubi Inna, tafintansa ya ce, "Wannan ɗanki ne?"

To ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta amsa ni a gaban baƙo. Ta cusa hannu cikin mayafi, ta kalli bango, ta ce, "Ɗan mutane ne."

Gwaggo ta zabura. "Nawa ne!" Ta shimfiɗa hannuwa, biyar-biyar cif.

Likita ya ƙirga nata, ya ƙirga nawa, ya dubi Malam. Malam ya nuna Inna. "Ranka ya daɗe, waccan ce, wallahi waccan ce!"

Aka ce ni in faɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai wadda take zuba mini tuwo na sani."

Malamin Bebeji aka ɗauka.

Malam ya biyo mu yana jan keke yana faɗa, wai mun toshe masa hanyar ilimi, wai jahilci zai kashe ƙasar nan. Inna ta yi gaba abinta. Gwaggo ce ta tsaya, ta gyara ɗaurin zane.

"Kano kuma, ɗan nan? Kai da ba ka san ba a tambayar mace ɗan farinta ba, fara zuwa kwas wurin uwarka tukuna."