Mutumin da Ya Ƙi Goge Faifan Dakta

Kafin ƙarfe bakwai da rabi ya gama zagaye ɗakunan lacca. Ya kunna majigin kowane aji, ya hura makirfo, ya sauya batirin rimot, sannan ya sauka ɗan ofishinsa na ƙarƙashin bene, inda wayar tebur ke kuka tun kafin ya zauna. Farfesa ya manta lambar sirrinsa karo na uku a wata guda. Wani malamin kuma firinta ta cinye masa takardun jarrabawa. Amsarsa ta farko ba ta canzawa: "Ranka ya daɗe, kashe ta ka sake kunnawa." Shi ya sa duk jami'ar Malam Kashe-Kunna ake ce masa, shi ma har amsawa yake. Shekara ashirin da shida yana fama da malamai da na'urorinsu, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki. Wallahi tun da aka ji, hankalin malamai bai kwanta ba.

Wadda ta fi kowa sanin abin da za a rasa ita ce Dakta ta sashen nazarin tsirrai. Shekara shida tana bin tsofaffin mata ƙauye-ƙauye, tana naɗar muryoyinsu suna faɗin saiwoyi da ganyayen da suke yi wa yara magani da su. Mata arba'in da ɗaya, goma sha bakwai a ciki sun riga mu gidan gaskiya. Kuma ba mai sakaci ba ce. Duk ƙarshen mako sai ta jawo aikin daga fuskar kwamfutar ofis ta zuba a filas, 'yar na'urar ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ta jefa a jaka.

Da aka raba sababbin kwamfutoci aka kwashe tsofaffin, sanarwa ta ce cikin kwana bakwai za a goge su a fitar. Ko a jikinta, ai tana da filas. Sai bayan sati uku ta zauna za ta fara rubutu, ta soka filas, ta danna sunan tsohuwa ta farko. Shiru. Ta biyu, shiru. Ta danna duka arba'in da ɗaya, ba wadda ta buɗe.

Ba ta san yadda ta sauko benen ba. Malam ya karɓi filas ɗin ya duba, ya cire tabarau, ya mayar.

"Ranki ya daɗe, kin ga 'yar kibiyar nan da ke gindin kowane suna? Ba muryoyin kika kwafa ba. Kwatancen inda suke kika yi ta kwafa, su suna can cikin tsohuwar kwamfutar."

"Innalillahi! Wadda aka goge? Malam, na shiga uku! Da yawan matan nan sun mutu, wa zan koma in tambaya?"

Ya tashi ya buɗe kabad ɗin ƙarfe na bayan ƙofa. Faifan ajiya ne da ya ciro daga cikin tsofaffin kwamfutocin, jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda manne da lambar ofis. Ashe shi tun fil'azal ba ya goge faifan kowa sai mai shi ya zo ya zauna kusa da shi, ya buɗe aikinsa a sabuwar na'ura da hannunsa. Sau biyu ana aiko masa da takardar tuhuma daga sama kan jinkirin nan, ya ninke ya sa a aljihun tebur.

Ya jona faifan. Wani ƙas-ƙas ya yi, ya ɗauke. Dakta ta dafe kujera. Ya sauya wayar da ya jona shi da ita, ya ƙi. Ya nemo wata tsohuwar waya a ƙasan kwali, ya goge bakinta da gefen riga, ya ce, "Bismillah." Can sai tari ya fito daga lasifika, sannan muryar wata tsohuwa tana cewa, "Yarinya, matso da abin naki, ba na iya ɗaga murya." Dakta ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta.

Malam, kai ne ka haɗiye faɗan manya don kada aikin wani ya salwanta. Kai ne ba ka taɓa yi wa mai digiri uku dariya don bai san inda ake dannawa ba. Mai haƙurin ƙarƙashin bene, sannu da aiki! Tsoronmu ɗaya: wanda zai gaje ka ya zama mai bin sanarwa ido rufe, ranar bakwai ya goge komai ya tafi gida. Don Allah, duk wanda aka damƙa wa mabuɗin kabad ɗin nan, ya jira mai faifai ya zo.

Dakta ta kai wa iyalan matan nan muryoyinsu. Ɗiyar tsohuwar nan mai tari ta bugo mata waya, ta ce da har muryar innarta ta fara ɓace mata, yanzu kullum sai ta kunna wa yaranta sun ji kakarsu. Ba ta taɓa ganinka ba, Malam, amma ta ce a gaya maka kana cikin addu'arta. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.