Baba Abarci da Wayar da Ya Zare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, ina bakin aiki a Abijan, Lailatu ta kira ni daga Dakoro ta ce, "Yaya Harisu, Baba ya cika." Shekara tara rabona da gida, ko jana'izarka ban samu ba.

Baba Abarci, shekara ashirin kana riƙe da ƙaramin gidan rediyonmu. Wanda raƙuminsa ya ɓata wurinka yake zuwa, ba ka taɓa tambayarsa ko ɗan wane ne ba.

Amma taurin kai gare ka, kuma yau ma sai na faɗa. Sau nawa na ce a canza tsohuwar ordinatar nan, wato kwamfutar gidan rediyon? Waɗanda suka ƙera tsarinta sun daina yi masa gyara tuntuni. Ka ƙi, wai muryoyin dattawan da suka rasu suna ciki. Ni ma da nawa laifin: ni na sa aka jona ta da rezo, wato intanet, don in riƙa duba ta daga nan.

Bara aka ɗaga ranar sakin gonaki ga dabbobi da kwana goma, saboda ba a gama kwashe dawa ba. Makiyaya kuwa tsohuwar rana suka sani, garkunansu sun riga sun iso gefen Korahane. Idan sanarwa ba ta fita ba, gobe shanu cikin amfanin mutane, kuma duk mun san abin da ke biyo baya. A ranar na'urar ta fara sumewa. A kunna, minti uku, ta daskare.

Ka kira ni. "Harisu, wa muka yi wa laifi?"

Na ce babu kowa. Wani ne can nesa yake aiko mata gurɓataccen saƙo ta wata kafa da ba a toshe ba. Ba ya satar komai, kashe ta kawai yake yi, mai yiwuwa bai ma san akwai Dakoro ba. Na ce ka ba ni awa biyu.

"Awa biyu? Yaro, la'asar ta yi. Ta ina yake shigowa?"

"Ta shuɗiyar wayar nan ta rezo."

Ka fizge ta, ina ta ihu cewa ba zan iya gyarawa ba idan babu ita. Na'urar ta tashi, ta zauna. Ka karanta sanarwar da Hausa da Fulatanci, ka jawo Intalla mai awaki daga kasuwa ya faɗe ta da Buzanci. Ko kara ɗaya ba a taka ba.

Sabuwar na'urar da na saya tana hanya, Baba. Na makara.

Lailatu, sakin gonaki ya sake matsowa, rediyon yana hannunki. Kada ki mayar da wayar nan, ko ni na ce. Muryar Baba ma yanzu tana cikin na'urar.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Inna Rahinatu da dukan dangi, Allah Ya ba mu haƙuri.