Gabun Tasalla da Awakinta Uku

Tasalla ta Sabiyal ba ta iya riƙe magana ba, kuma ba ta taɓa ɓoye haka ba. In ka ce za ka gaya mata asiri, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kai shi gaba, cikina ba rumbu ba ne!" Gajera ce mai ƙarfin damtse. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya, da turmi, da awaki uku. Lokacin nan Aliero da ƙauyukanta suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato.

Da rani in aka ciri albasa, sai ta cika ƙasar har ta rasa daraja. Lawashi kuwa, wato ganyenta, a gona ake zubar da shi. Mata kan tsinci kaɗan su daka su cure su shanya, ya zama gabu na miyar gida. Kowa ya san gabu, ba Tasalla ta ƙago shi ba. Abin da ta lura da shi shi ne, da damina ta nutsa albasar da aka ajiye takan ruɓe, har mutum ya zagaya kasuwa bai samu ta miya ba.

Wata shekara ta je gonar Dalhatu, ƙanen mijinta kuma abokin wasanta, ta ce ya ba ta lawashinsa duka.

"Matar yaya, akuya kinka koma? Mi za ki yi da wanga ganye?"

"Raggon miji, ɗora man kaya ka bar tambaya."

Ya ɗora mata yana dariya, ko kwabo bai karɓa ba. Wata guda tana daka, har ƙwayoyin idonta suka yi ja. Ta cika buhu huɗu ta ɗora kan itace a ɗaki.

Da ruwa ya yi ƙarfi ta hau mota zuwa kasuwar Jega da buhu biyu. Ba ta gama kwance bakin na farko ba masu abinci suka yanyame ta. Hindu, mai tuwon tasha, ta rungume buhu guda tana cewa duk wadda ta taɓa shi za su yi. Kafin azahar babu ko ɓurɓushi, kuma abin da Tasalla ta yanka shi aka biya.

A motar komawa ta tashi tsaye ta gaya wa kowa, har direba. Ta faɗi kuɗin kwano, ta faɗi sunan mai saye, ta faɗi inda ake shimfiɗa kaya. Kafin ta wanke ƙafa labarin ya zagaye Sabiyal.

Da rani ya dawo, babu gidan da turmi ba ya kuka. Ta je gonar Dalhatu, ta tarar da mata biyar suna tsaye, shi kuwa ya harɗe kan dami.

"Bana ciyawa ta yi kuɗi, matar yaya. Ke kinka koya muna."

"Allah shi shirye ka, Dalhatu! Abin da kaka zubarwa?"

"Bara ke kaɗai ka so. Dubi bayanki."

Ta zage shi tas, sannan ta koma gida ta ja awakinta uku zuwa kasuwar Aliero ta sayar. Duk abin da ta mallaka ke nan, ta mai da shi lawashi. Ta cika buhu tara.

Ranar da ta sauka Jega da daminar nan, sai da ta dafa mota. Gabu ne jere tun daga bakin tasha har rumfar masu gishiri, na Sabiyal, na Aliero, har da na matan Andarai. Hindu ta zo tana tafiyar ƙasaita, ta ɗauki curi ɗaya ta shinshina, ta taya kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin bara.

"Hindu, ba ki jin kunya?"

"Yaya Tasalla, tukunyata guda ce, ba ta haihu ba. In ba ki sayar, ga Kande can tana kirana."

Kande maƙwabciyarta ce, kuma da gaske tana ɗaga hannu. Tasalla ta tsaya ta dubi layin. Masu saye su ne dai na bara, masu sayarwa ne suka zama talatin. Ta ɗaure bakin buhunanta ta biya kuɗin mota ta koma gida da su. Sauran suka sayar a wulaƙance don kada su koma da kaya.

Ajiyar ba wasa ba ce, don raɓa tana sa gabu fumfuna. Rana na leƙowa sai ta zazzage ta shanya, hadari na tasowa ta kwashe da gudu tana salati. Dalhatu kan wuce ya yi mata kukan akuya ta bayan zana. Buhu uku suka lalace, ta zubar da su.

A mako na bakwai aka yi sallama a ƙofarta. Hindu ce, da taɓo har gwiwa. Gabun kowa ya ƙare, albasa kuma ta ruɓe, masu cin tuwonta sun fara cewa miyarta salam. Tasalla ta rangaɗa guɗa, ta sa aka kawo wa baƙuwa ruwa, sannan ta yanka mata kuɗin bara har da ɗori. Hindu ta yi rantsuwa, ta yi magiya, ta biya.

Awaki biyu kuɗin suka saya. Ta ukun ba ta dawo ba, kuma Tasalla ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Shekara ashirin ta ƙara tana wannan sana'a.

Tun a ranin da ya biyo bayan zuwan Hindu, da aka ciri albasa, ta tara matan unguwa a tsakar gidanta, ta hau kan turmi don a gan ta.

"'Yan uwa, ban hana kowa daka ba. Abu guda nika roƙo. Kar mu sake cika mota guda mu tafi Jega. Kowace kasuwa mata uku su tafi, buhu ɗai-ɗai, sauran su zamna gida su yi shanya. Kande, ke za ki fara, ni a sa ni ƙarshe."