Matakalar da Aka Yi wa Motar Baba

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, duk wata mota mai numfashi a cikin birni sai da ta shiga kamfen. Har da tamu, tsohuwar da Baba ya rasu ya bari. Yayana ne ya ba da aronta, shi da ko taron siyasa bai taɓa zuwa ba. Aikinsa ɗinkin hannu ne a jikin babbar riga, kuma da hannun nan nasa na dama gidanmu yake ci. Aka dawo mana da ita da lasifika a ka, an yi mata waldar wani dogon ƙarfe a kowane gefe, wai matakalar da 'yan rakiya za su riƙa tsayawa. Tun da na ga ƙarfen nan hankalina bai kwanta ba.

Wata Laraba da hantsi tayar baya ta sace a ƙofar gidanmu a Sheshe. Ina daga zaure na ga Yaya ya durƙusa yana laluben wurin sa jak. Akwai wani gurbi mai kauri gaban taya, nan Baba yake kafa shi kullum, ya kuma tura safayar taya ƙarƙashin motar kafin ya cire wadda ta sace. To mai walda ya bi ta kan gurbin ya rufe shi ruf.

Yaya ya kafa jak a ƙarƙashin matakalar.

Na ce, "Yaya, wannan fa ba jikin motar ba ne."

Ya ce, "Ƙarti ma suna tsalle a kansa. Ke dai koma ciki."

Raina ya ɓaci. Na ce ƙarti daban, nauyin mota daban, ya bari a kira mai walda ya yanke abin banzan nan. Ko ɗago kai bai yi ba. Ban koma ciki ba, tsoro ya kafe ni a bakin ƙofa.

Motar ta fara ɗagawa. Ƙarfen ya yi 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara, ya yi shiru. Yaya ya zare tayar ya jingine ta da bango. Safaya tana kwance can gefe, bai tura ta ba. Sai noti ɗaya ya gangara ƙarƙashin motar, Yaya ya kwanta a gefensa ya miƙa hannun dama yana lalube. Ina kallon waldar tana buɗe baki a hankali, na kira shi, amma kafin ya janye hannun motar ta faɗo a kai.

Faɗuwar ma ba ta yi wata ƙara ba. Maƙwabta suka fito da salati, suka taru suka ɗaga motar. Bai yi ihu ba. Ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Akwai rigar Alhajin da nake yi wa ɗinki a kan tabarma, wuya kaɗai ya rage. Ki kai masa, ki ce ya nemi wani."