Hatimin da Na Riƙe Kwana Tara

Har yau in na ga takarda mai zanen gida-gida, ko da jadawalin makaranta ne, sai in tsaya ina ta kallonta. Jikokina sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, wani mutum ne na bari yana jirana a tsallaken ruwa, ban je ba sai da lokaci ya ƙure.

Zamanin Turawa ne, ina malamin elemantare a Haɗejiya, ina ji da kaina saboda ɗan Turancin da na kwaso a makarantar midil. Shi kuwa malamin asibiti ne a wani ƙauye can cikin fadama, ya ba ni shekara goma da ɗoriya. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Baturen gona, don ya san laƙabin yana ƙona mini rai.

Abin da ya haɗa mu wata jaridar Turanci ce ta ƙarshen mako da ake bugawa a Ikko. Jirgin ƙasa ke sauke ta a Malam Madori, mota ta ƙaraso da ita gari, kafin ta iso hannunmu labaranta sun riga sun yi tsami. Mu ba labaran ne suka dame mu ba. A shafin baya akwai wani wasa: zane ne mai kusurwa huɗu, an yanka shi ƙananan gidaje, wasu baƙaƙe wasu farare, a ƙasa kuma an jero tambayoyi irin na kacici-kacici. Kowace amsa kalma ce, harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu a kwance wasu a tsaye, su sarƙe da juna. Kuskure ɗaya ya isa ya ɓata maka rabin shafi. Mai shirya wasan kuwa, ko wane ne, ba a haife shi da tausayi ba.

Jarida ɗaya ce, mu biyu, sai muka yi rabo. Na kwance nawa, na tsaye nasa. In na gama nawa da fensir, ranar kasuwa sai in ba wani dattijo mai fito ya kai masa. Ya cike nasa, sannan ya bi nawa da jan tawadar asibiti yana yanka. A gefen takarda yake zuba tsiyarsa. "Wannan kalmar a wace kasuwa ka sayo ta?" Ko kuma, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lafiya." In amsoshi suka fito a jaridar mako na gaba, da rani nakan hau keke in same shi, mu zauna gindin tsamiyar asibiti mu yi bitar wasan gida-gida, in bar masa takardar ya adana. Shi ke yanke hukunci: na wannan mako gishirinsa ya yi daidai, na wancan mai shi ya yi shi ne yana fushi da matarsa. Shekara uku ana haka, ban taɓa kama shi da kuskure ba. Wannan abu ya tsaya mini a wuya, ba zan ɓoye ba.

Mahaifiyarsa tana gidan, tsohuwa ce mai hannun kyauta. Ita tun ran da ta ga zanen ta yanke cewa hatimi ne, irin wanda malamai ke zanawa gida-gida su zuba haruffa a ciki don tsari. A wajenta ni malami ne da ke aiko wa ɗanta taimako duk mako. In na je sai ta ɗaure mini busasshen kifi, ta ce, "Allah ya biya, Malam." Yaya ya yi mata bayani har ya gaji. Ta ce, "Ni dai na ga in takardar ta zo sai ka wartsake." Muka yi dariyarmu, muka ƙyale ta.

Daminar da nake ba da labari, kogi ya kawo ruwa har ya shafe hanya, sai kwale-kwale. Wata ranar kasuwa mai fito ya dawo mini da jaridar. Ina buɗewa na ga rubutun Yaya ya canza, haruffa na hawa kan layi kamar na ɗan aji ɗaya. Babu jan tawada, babu tsiya a gefe. Kuma kalmomi uku na tsaye ya bar su fayau.

Dattijon bai tafi ba. Ya ce, "Malam, tsohuwa ta ce a gaya maka zazzaɓi ya kwantar da ɗanta. Ta ce ka zo, ka taho da hatimin."

Na ce, "Baba, malamin asibiti da zazzaɓi? Ai magani yana gefen gadonsa. Ka ce ina nan tafe."

Zan faɗi gaskiya, tunda ba wanda ya rage da zan ji kunyarsa. Abin da na ji a lokacin daɗi ne. Yau ga gwani ya gaza. Na ƙudurta ba zan taka gidansa ba sai na cike ukun nan da hannuna, in ajiye masa a kan ƙirji in ce, to, Baturen gona ya gaishe ka.

Biyu na samo su cikin kwana biyu. Ta ukun ta ƙi. Gida bakwai ce, uku sun cika da haruffan kalmomina na kwance, huɗu farare. Na aro ƙamus wajen hedimasta. Ina gaban allo ina koyar da lissafi, hankalina yana kan gidajen nan. Allah ya yafe mini, har cikin salla sai da suka biyo ni. Jaridar da za ta kawo amsa kuma ta maƙale, ruwa ya cinye hanyar mota.

Kasuwa ta sake zagayowa, mai fito ya sake zuwa. Ya ce, "Malam, tana ta tambaya fa."

Na ce, "Gobe ko jibi, in Allah ya so."

Ya dube ni, ya ɗauki gorar tuƙinsa ya tafi.

Rana ta tara da hantsi na hango shi a ƙofar makaranta. Ba ranar kasuwa ba ce. Ya cire malfarsa ya riƙe a hannu. Ban ma bari ya buɗe baki ba.

Tafiyar nan ba ta fita daga idona. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa, sai kawunan ciyawa da furen bado, tsuntsaye na ta sha'aninsu. Ba ka jin komai sai gora tana shiga ruwa tana fita. Jaridar tana aljihun rigata. Muka isa an riga an kai shi makwancinsa, ana zaman makoki a ƙofar gida.

Tsohuwa ta aiko a shigo da ni. Na same ta a ɗakinsa, kusa da ita ga wata ƙwarya da wani abu toka-toka ya kwanta a ciki. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya. Ta ga ina kallon ƙwaryar.

Ta ce, "Tsofaffin hatimanka ne, na cikin akwatinsa. Da na ga sabon bai zo ba, kullum sai in jiƙa ɗaya in tace in ba shi, kamar yadda ake yi da rubutu."

Na ce, "Iya, ya sha?"

Ta ce, "Yana sha yana dariya. Ya ce yau ma ya shanye kurakuran ƙanensa." Ta share ido da bakin mayafi. "Sun kwana biyu, ƙarfinsu ya tafi. Sabon yake jira. Ko motsin kwale-kwale ya ji a bakin ruwa sai ya ce in leƙa. Ka zo da shi?"

Na ciro na miƙa mata. Ba ta karatu, amma ta bi zanen da yatsa a hankali har ta tsaya daidai kan fararen gidajen.

"Nan ne bai cika ba?"

Na ce, "Nan ne, Iya."

Ba faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ai da ka kawo masa haka nan, ɗan nan. Shi ya san abin da zai sa."

Da jaridar amsa ta iso ban buɗe shafin baya ba, kuma daga ranar ban sake yin wasan ba. Waccan takardar tana ƙasan akwatina, ta yi ja, ta fara karyewa a ninki. Bayan shekaru masu yawa, wata rana ina alwalar la'asar, kalmar ta faɗo mini da kanta, ba nema ba komai. Kalma ce mai sauƙi, har yaran ajina sun san ta. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka, da furfurata.

Ban rubuta ta ba. Ta tsaye ce, ba rabona ba ce.