Rakiyar Gwaggo

Bayan rasuwar innarmu, Baba bai yi kuka ba, mutanen Jiratawa kuwa suka yi ta yaba masa. Wannan yabon ne ya fi ba ni haushi. Ina zuwa daga Maraɗi ina ganin abin da suke kira haƙuri: mutum ya rame, tuwo ya kwana a kwano, ruwan garka ya zo ya wuce bai buɗe wa albasarsa ba. Ranar da na ji ya ce da ma ya kwanta kada ya tashi, na zauna a gabansa. Na yi masa maganar likita.

"Mi ya same ni? Hauka nike?" Ya juya mini baya.

Na hau kabu-kabu sai Tibiri, wurin yayarsa. Gwaggo ta saurare ni tana tsinke zogale, ta ce, "Ke ɗiyar nan ba ki da dabara. Namiji ba shi zuwa asibiti don kanshi, amma ba shi ƙin rakiya."

Ta aika masa cewa ba ta barci, ya zo ya kai ta asibiti a Maraɗi. Ya zo da babbar riga, har da yi mata faɗan ta bar ciwo ya daɗe. Ta riga ta sa na je na sanar da likita dabararmu.

A wurinmu, in dattijuwa ta je gaban likita da namijin gidansu, shi ke magana. Gwaggo ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ita da bakinta ba ya hutawa. Likita ya tambayi abin da ke damunta.

"Ba ta kwana," in ji Baba.

"Abinci fa?"

"Kamar ƙasa a baki."

"In gari ya waye, me take ji?"

Baba ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Sannan ya ce, "Nauyi, nan ga ƙirji. Ka ga aikinka gabanka, hannu ya ƙiya. Ka shigo gida da magana a bakinka, ka tarad da babu wanda za ka hwaɗa ma."

Gwaggo dai mijinta na nan da ransa, surutunsa ma ya ishe ta. Likita ya juyo da kujerarsa wajen Baba, mu kuma muka fita muka bar su. A waje na zauna a kan benci, ina jin muryar Baba ta bayan ƙofa, ta ƙi tsayawa. Rabona da sanyin rai irin wannan tun Inna na da rai.

Gwaggo ta ci gaba da ciwonta na ƙarya, duk wata sai ya raka ta. Albasar shekarar ta lalace, amma ya soma cin abinci, ya koma yi mana faɗa. Wata rana muna fitowa daga asibitin, ya tsayar mata da kabu-kabu, ya riƙe mata jaka har ta zauna.

"Yaya," ya ce, "wata mai zuwa ki zamna gida ki huta ma ƙahwahunki. Na gane hanya."