Ranar da Kakata Ta Je Biro Neman Garinsu

Har yau idan na ji an buga hatimi a kan tebur, kakata nake tunawa. Ita ba haifaffiyar ƙauyenmu ba ce, mu da ke gefen Azarori. A wata tsohuwar yunwa fatake suka tsince ta tana ƙarama, suka bar ta a hannun mai gari. Ta girma, ta yi aure, ta haifi babana, amma sunan garinsu ya ɓace mata. Abin da ta riƙe kawai shi ne jan dutse a bayan gida, da uwa doguwa mai yawan tari. Burinta ɗaya ne, ta san inda aka binne uwar nan.

Wani rani, ina lakwal lokacin, wato makarantar boko, aka kawo mana Bature aikin rijiya. Mutumin akwai surutu, ga cin tuwo kamar shi ya noma geron. Da la'asar a gindin gawo ya ba dattawa labarinsa ta bakin tafinta. Shi Bajamushe ne, amma a wata ƙasa can hayin teku aka haife shi. Kakansa ya bar Jamus, ya mutu bai faɗi sunan garinsu ba. Shi kuwa ya yi ta rubuta wa ofisoshin gwamnati da na jakadanci, har aka tono wani tsohon littafi, ga sunan kakan, ga garin. Ya je ya tsaya a kan kaburburan danginsa.

Kakata na bayan darni tana kaɗi, ta ji komai. Washegari ta sa babana a gaba.

"Ka kai ni Madawa. In gwamnatin wasu ta aje kakanai, tamu ba ta yada ni ba."

Baba ya so gardama, amma wa ya isa? Ranar kasuwa muka hau bayan mota zuwa biro, wato ofishin gwamnati da ke Madawa, ta ɗaura zanen Sallarta, ta ƙulle goro a bakin mayafi.

Ma'aikacin biron, Allah ya saka masa, bai yi mata dariya ba. Ya sauko da littattafan haraji masu warin jemage, ya bi layi da yatsa har ya same ta a ƙarƙashin sunan mijinta marigayi: mace ɗaya.

"Inna, takarda ba ta san ki ba sai da kinka yi arme."

"To kahin nan, ɗana, ina nike?"

Ya rufe littafin. Don kada ta koma hannu rabbana, ya yi mata takardar haihuwa, ya rubuta sunan ƙauyenmu, ya buga hatimi. Ta kwance goron ta ba shi, ta yi godiya. Ni a ranar na ji haushin gwamnati, haushin da har yanzu bai gama fita ba.

Ba ta sake zancen biro ba. Sai dai duk baƙon da ya sauko daga tudun Keita ko Buza, sai ta ba shi ruwa, ta tambaye shi ko garinsu akwai jan dutse. Kowa ya ce akwai, don yankin Adar duk dutse ne.

Yanzu wayar hannuna tana nuna kowane ƙauye daga sama, rumbu da rumbu. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta ce in nuna mata garin kakannina. Na daɗe ina jan yatsa a kan tuddan, sannan na miƙa mata wayar na ce ta zaɓa.